Turken akuya da kwanon yaro



An ce in yi magana kan abincin yara, amma ku yi mini haƙuri in fara da turken gidanmu, domin daga can labarin ya taso.

Kakana yana da shanu a hannun wani Bafillace. Farin 1973 ya share su, ko maraƙi bai bari ba. Abin da ya tsira shi ne awaki biyu na kakata, waɗanda ta zo da su ranar aurenta. Da ƴaƴan gawo da ɗan harawar da ta ɓoye ta riƙe su, kuma da madararsu ƙannen mahaifina suka ga damina. Mahaifina ya sake tara garke, sai yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, ta cinye. A wannan karon wata Bafillata ce ta bai wa mahaifiyata habbanaye: akuya ɗaya, ta riƙe har ta haihu, ƴaƴan nata ne, uwar ta koma ga mai ita. Daga wannan akuya turkenmu na yau ya fito.

Sai nawa lokacin ya zo a 2005. Hatsi ya yi tsada, dabba ta faɗi. Muka kora awakin duka zuwa kasuwar Takeita, har da mai shayarwa. Hatsin da muka auno bai kai mu kaka ba, madara kuwa ta ƙare tun ranar. Ɗana, da na yaye da wuri, ya koma kan farau-farau, ya rame, gashinsa ya yi ja. A likita aka ce tamowa ce. Allah Ya raya shi, amma har gobe ina ganin laifinmu: da mun sayar da bunsuru da tsofaffi, mun bar mai nono.

To, ga abin da nake roƙo. Jariri, daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai: ba ruwa, ba bauri, ba madarar akuya, ko da zafin bazara ya kai inda ya kai. Bayan wata 6 a fara ba shi kunu mai kauri, a zuba madarar da aka tafasa, a ƙara garin ƙuli-ƙuli ko ƙwai ko ganyen zogale, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Kafin ƙwarya ta tafi kasuwa, a cire rabon yaro. Na san kuɗin cefane na ciki, ni ma na sayar, amma ludayi biyu ba za su rushe ciniki ba.

Ku masu faɗakarwa, in kun shiga gida, ku dubi turke kamar yadda kuke duban yaro. Gidan da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ku yawaita komawa. Ku auna dantsen kowane yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ma'auni ya nuna tsanwa, madalla. In ya nuna ruwan ɗorawa, a kai shi likita a duba. In ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafu biyu sun kumbura, ranar nan za a tafi, kada a jira ranar kasuwa.

Wadda ke da akuyar da za ta iya bayarwa habbanaye, ta tsaya mu yi magana bayan taro.