Sana'a Kafin Siyasa: Darasi Daga Dakta Dikko da Malam Abubakar Imam



Duk wanda ya je Kaduna neman magani ya san Asibitin Barau Dikko. Amma ƙalilan ne daga cikin masu bin layin karɓar kati suka san cewa mai sunan ɗan Wusasa ne. An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a 1912, ya tashi a hannun Dakta Walter Miller, Baturen mishan wanda makarantarsa ta fara a cikin birnin Zariya kafin ta dawo Wusasa. Daga nan sai King's College ta Legas, sai Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin likita na farko ɗan Arewa.

Ku dubi abin da likita yake gani a wancan zamani. Uwa ta taho da ƙafa daga ƙauye, goye da yaron da ƙyanda ta rufe wa ido. Manomi ya zo da kurkunu a ƙafa ana tsakiyar damina, gonarsa tana can ciyawa na cinye ta. Wanda ya duba irin waɗannan da hannunsa ba sai an gaya masa cewa cutar ba a jiki kaɗai take ba, tana cikin rijiyar da ba a gina ba da makarantar da ba a buɗe ba.

Kusa da Wusasa kuma, Malam Abubakar Imam ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939. Kwafi ɗaya yakan wadaci zaure guda: mai boko ya karanta da ƙarfi, saura su kasa kunne. Wasiƙun masu karatu kuwa su ne asibitin Imam, a nan ya ji inda ke yi wa talaka ciwo.

A 1948 hanyoyin biyu suka haɗu. Tarukan 'yan boko a Zariya da Kaduna suka haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa, Dikko ya zama shugabanta na farko, Imam yana cikin jiga-jiganta. Likita Kirista da edita Musulmi, tabarma ɗaya. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, dokar aikin gwamnati ta hana Dikko ci gaba da riƙe ta, sai ya tsaya ga aikin lafiya. Sai a 1967 Janar Yakubu Gowon, shi ma tashin Wusasa, ya naɗa shi kwamishinan tarayya na ma'adinai da lantarki.

Jama'a, ga abin da ya tsaya mini a rai. Mutanen nan ba su ɗauki siyasa sana'a ba, da sana'arsu suka shige ta. Shi ya sa barin kujera bai zame wa Dikko mutuwa ba. Likita ne, ko ɗan jarida, ko ɗan kasuwar da ya san darajar amana a Sabon Gari, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku ku tambaye shi: kafin yau, wa ka yi wa aiki?

Ku kuma matasa, ku fara koyon abin da zai amfani maƙwabcinku. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.