Sana'a Da Sha'awar Tseren Mota: Wace Ce Gaba?



An nemi mu ce wani abu game da tarbiyyar matasa, mu kuwa muka ga ya fi amfani mu ɗauki batu guda mu warware shi, maimakon mu yi ta kewaye-kewaye. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas suna koyon kanikanci, da rana suna gareji, da yamma wasunsu suna makarantar koyon sana'a. A cikinsu akwai waɗanda sha'awar tseren mota ta kama, suna kallonsa a waya, suna kwana da burinsa a zuci. Iyaye sun rabu biyu a kan wannan al'amari: wasu sun hana da ƙarfi, wasu sun kau da kai. Tambayar da ke gabanmu ita ce, yaron da ke aiki yana kuma karatu, zai iya shirin tsere ba tare da ya yi biyu babu ba? Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiya ne, amma tana taunuwa idan aka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ya kamata mu rarrabe tsakanin aya da tsakuwa. Wasan mota da ake yi a wajen biki, yaro ya ari motar mutane ya riƙa juyi a tsakiyar jama'a, wannan ganganci ne, kuma ya sha jawo asarar rayuka. Tsere na gaskiya yana da filinsa ko hanyarsa da aka rufe, yana da alƙalai da likitoci da masu kashe gobara, ana kuma duba kowace mota kafin a bar ta ta tashi. Hukumar FIA da ke tsara dokokinsa a duniya an kafa ta ne tun shekarar 1904. Kuma abin ba baƙo ba ne a yankinmu, domin tseren Dakar na farko, wanda ya tashi daga Faris a ƙarshen 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga shi masu sha'awa ne kawai, kowa da sana'arsa. An soke shi a 2008 saboda rashin tsaro, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. A nan gida ma bikin kamun kifi na Argungu ya sha haɗawa da tseren motoci.

Dalilin wannan tsanani na dokoki lissafi ne na aji shida. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta yi bayan an taka birki yana ninkuwa sau huɗu. Ƙarfin hali ba ya rage mita ɗaya daga cikin wannan lissafi.

Bari mu duba waɗanda suka bi wannan hanya suka kai gaci. Jack Brabham ɗan ƙasar Ostireliya ne, an haife shi a 1926 a gefen birnin Sidni. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya shiga aikin gareji da rana, da dare kuma yana ɗaukar darasin injiniyanci. A 1944 ya shiga rundunar sojan sama ta ƙasarsa a matsayin makanikin jirage. Da aka sallame shi a 1946 sai ya buɗe ɗan ƙaramin garejinsa, ya kuma harhaɗa wa wani abokinsa ƙaramar motar tsere. Sai da abokin ya daina, a 1948, sannan Brabham ya zauna a bayan sitiyari. Ku lura da jerin: sana'a, karatu, abin dogaro, sannan tsere. Ya tafi Ingila a 1955, ya zama zakaran duniya a gasar Formula 1 a 1959 da 1960, ya sake ci a 1966 yana ɗan shekara 40, a cikin motar da kamfaninsa ya ƙera mai ɗauke da sunansa. Har yau babu wanda ya maimaita wannan. Da bai zauna ya koyi inji ciki da waje ba, da ya tsaya a matsayin direban wasu.

A nahiyarmu akwai Joginder Singh na ƙasar Kenya, wanda ya fara a matsayin yaron miƙa sifana a garejin mahaifinsa. A 1965 shi da ɗan'uwansa Jaswant suka ci tseren Safari, wanda aka fara tun 1953, da wata tsohuwar Volvo da suka gyara da hannunsu. Ya sake ci a 1974 da 1976. Hanyar Safari ta taɓo ce da duwatsu, saboda haka wanda ya san inda mota za ta karye kafin ta karye yana da fifiko a kan mai zafin ƙafa.

Na ukunsu shi ne Juan Manuel Fangio na ƙasar Ajantina, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Balcarce. Shi ma yaron gareji ne tun yana ƙarami. Mutanen garinsu ne suka yi karo-karo suka saya masa mota ƙirar Chevrolet, bayan sun ga ƙwazonsa da amanarsa, kuma a 1940 ya ci dogon tseren da ya tashi daga Buenos Aires zuwa Lima ya dawo. Daga baya ya zama zakaran duniya sau 5, tsakanin 1951 da 1957. Amma darasin da muka fi so ku riƙe daga gare shi na 1952 ne. Ya kwana yana tuƙi don ya isa filin Monza na ƙasar Italiya, ya iso a gajiye dab da za a tashi, ya shiga tsere, nan da nan ya kife, ya karye a wuya, sauran gasar shekarar duka ta wuce shi. In gajiya ta kayar da gwani irin wannan, me ake tsammani ga yaron da ya wuni a ƙarƙashin mota, ya je aji, ya kuma raba dare yana walda?

Daga waɗannan misalai muna iya fitar da ma'aunai huɗu ga yaranmu.

Na farko, lokaci. Sa'o'in maigida haƙƙinsa ne, sa'o'in aji kuma haƙƙin gobenka ne. Motar tsere sai ta haƙura da ranar hutu. Idan jarrabawa ta gabato, ko ta NABTEB ko ta gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai matakai uku, a lulluɓe motar har a gama. Tseren da ya wuce bana zai dawo baɗi, amma shekarun koyo ba sa dawowa. Barci kuma a ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na shiri.

Na biyu, kuɗi. Sayen tsohuwar mota shi ne mafi araha a cikin al'amarin. Tayoyi da birki da baƙin mai suna ƙarewa da sauri, ga kuɗin shiga, ga na jigilar mota zuwa fili. A fara sayen kayan aiki, domin sifana tana kawo kuɗi, motar tsere kuwa ci take yi. Kada a ci bashi, kada a taɓa jari ko kuɗin makaranta. Motar da ba za ka iya jure asararta ba, ba ta shiga fili.

Na uku, amana. Wannan ita ce ta fi damunmu. Motar da aka kawo gyara ajiya ce. Yaron da ya fita da ita da sunan gwaji ya je ya saki gudu, ko ya cire mata wani abu ya saka a tasa da niyyar mayarwa, ya zubar da abin da bakanike ke ci da shi. Gareji guda ake yin abin, amma sunan garinmu duka yake ɓaci.

Na huɗu, kariya. Kafin a kashe kobo wajen ƙara wa inji ƙarfi, a fara da kejin ƙarfe da ake waldawa a cikin mota don kada rufi ya danne direba in ta kife, da ɗamarar kujera mai kama kafaɗu da ƙugu, da hular kwano mai inganci, da tufafin da ba sa saurin kama wuta, da tukunyar kashe gobara. Bayan su sai birki da tayoyi. Inji shi ne na ƙarshe.

Ga wanda bai kai ga mallakar mota ba, akwai ƙofa mai sauƙi: ya shiga ayarin masu gyara wa wani, ko ya zama mai karanta wa direba hanya, ko mai tsaron fili. Graham Hill na Ingila da aikin kanikanci ya shiga kamfanin Lotus, kafin ya zama zakaran duniya a 1962 da 1968. Wanda ya koyi canza taya da ɗaure birki a cikin ƙurarren lokaci ba tare da kuskure ba, zai koma gareji ya fi da ƙwarewa.

Mu kuma manya, namu ya rage. Hani tsagwaro ba ya kashe sha'awa, sai dai ya tura ta kan titi da tsakar dare, inda babu alƙali babu likita. Kowannenmu da ke da yaro a gareji ya san maigidansa, ya riƙa leƙawa, ya tambayi sakamakon jarrabawarsa. In yaro ya zo da wannan buri, a saurare shi, a gindaya masa sharaɗi: a yaye ka tukuna, ka riƙe takardar shaidarka da lasisin tuƙi, ka nemi ƙungiyar da hukuma ta sani. Mutanen Balcarce ba su buɗe aljihu ba sai da suka ga aikin yaronsu, mu ma sai mu bi wannan sawu. Cikin masu wannan sha'awa kaɗan ne za su ɗauki kofi, amma dukkansu za su buƙaci abin ciyar da iyali, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya kai kowa gidansa lafiya.