Turmi Biyu: Jawabi Kan Binciken Farfesa Kurawa da Zinarin Yawuri



An ɗora mini nauyin yin magana kan wani masanin kemistiri, ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne mai fama da fayil. To amma tunda malaman da suka koya mana suna zaune a nan, in harshe ya karkace sai su miƙe shi.

Wanda na zaɓa shi ne Farfesa Mukhtar Atiku Kurawa, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, daga baya kuma ya shugabanci Jami'ar Yusuf Maitama Sule. Fanninsa shi ne kemistirin ƙarafa da ma'adinai. A Jami'ar Bristol ta Ingila ya yi bincike tare da Farfesa Guy Orpen, kuma a 2008 suka wallafa sakamakon wani aiki mai ban sha'awa. Bisa al'ada, in ana son haɗa sinadari da ƙarfe, sai an narkar da su cikin ruwan sinadari mai tsada, wani ma mai guba, a dafa, a tace, a zubar da sauran. Su kuwa sai suka nuna cewa ana iya zuba busasshen garin biyun a ɗan turmin ɗakin gwaji, a niƙa, su haɗu su zama sabon abu. Ga ƙasar da wutar lantarki ke yi wa ɗakin gwaji rowa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Fannin nan na yadda sinadari ke riƙe ƙarfe, Alfred Werner na Zurich ne ya kafa tushensa a 1893, har ya samu lambar Nobel a 1913. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Ngaski ko Shanga da wannan?

Ga ruwansa. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Masu haƙar zinari ne ke kawo dutse cikin gida, ana dakawa ana niƙawa, ba su san yana ɗauke da dalma ba. Ƙurar ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suna sa hannu a baki. A 2015 abin ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabtanmu. Maganin da likitocin ƙungiyar MSF suka riƙa ba yaran, mai suna DMSA, daga wannan fannin ya fito: yana kama dalmar da ke cikin jini, ya fita da ita ta fitsari. Sai dai ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu, kuma in yaro ya koma gidan da ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba, an yi aikin baban giwa.

Mu ma ƙasar Yawuri ƙasar zinari ce, kowa a nan ya san ramukan. Bayan dalma akwai zaiba, wadda ake tsince zinari da ita. In ta bi ruwan sama ta gangara tafkin Kainji, tana taruwa a jikin kifi, kifi kuwa shi ne abincinmu da kasuwarmu.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya su rubuta wa sashen kemistiri na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Bayero, a nemi su zo su ɗebi ƙasa da ruwan rijiya daga ƙauyukan da ake haƙa, su auna. Kuɗin mota da masauki ba su fi ƙarfinmu ba. In sun zo kuma, a tafi da 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu su riƙe musu kwalabe, su ga yadda ake aikin.