Teburin Ƙafa Tara da Bai Kai Ƙafa Tara Ba

Yau zancenmu na kan teburin fûl, wanda a bakin titunanmu ake kira sunuka, ko da yake wasannin biyu ba ɗaya ba ne.

Idan mai sayarwa ya ce maka teburinsa ƙafa 9 ne, kada ka ɗauko tef ka auna tun daga gefen katako. Sunan na kasuwa ne kawai. Awon da ake dogaro da shi ana yin sa ne a ciki, daga bakin robar da ƙwallo ke bugawa ta dawo zuwa bakin robar da ke fuskantarta. A nan za ka sami inci 100 a tsawo, inci 50 a faɗi, wato santimita 254 da 127. Ƙafa 9 kuwa inci 108 ne. Hukumar wasan fûl ta duniya, WPA, ba ta yarda da kuskuren da ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci ba.

Ka lura, tsawon ninki biyu ne na faɗin. Idan kafinta ya kauce wa wannan, duk lissafin kusurwar da ɗan wasa ya koya zai rikice masa.

Teburin sunuka na asali kuwa, irin na Ingila, ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, cikinsa ya haura mita 3 da rabi.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne ɗakin. Sandar wasan takan kai inci 58, kuma ana buƙatar wannan sarari ta kowane ɓangare. Teburin ƙafa 9 na son ɗaki mai tsawon ƙafa 18, in ba haka ba gindin sanda zai yi ta bugun bango.