In Ruwa Ya Yi Gyara a Birni

   

Bahaushe ba ya zagin ruwa. Ko ruwan sama ya rushe masa ɗaki, in ka tambaye shi, sai ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Wannan ladabi ne mai kyau, gama in babu ruwa babu gero, in babu gero kuwa babu kasuwa. Amma ladabin baki ba ya ta da bangon da ya faɗi. Saboda haka yau za mu yi magana a kan ambaliya cikin birni, watau inda take fitowa, da abin da take yi wa matafiyi da ɗan kasuwa, da abin da ya kamata mutum ya yi domin ya tsira da ransa da iyalinsa da jarinsa. Za mu ɗauki birnin Yamai misali, gama da yawa cikinku kun san shi, waɗansu kuma can suke saro kaya.

Yamai tana bakin kogin Kwara. Kogin nan yakan cika sau biyu a shekara. Cikar fari takan zo cikin Agusta da Satumba. Ruwan damina ne na kusa, wanda rafukan Sirba da Dargol da Goruwal suke kawowa daga wajen Burkina Faso. Yana ɗauke da jar ƙasa, shi ya sa ake ce masa jan ruwa. Cika ta biyu takan zo da sanyin hunturu, wajen Disamba da Janairu. Wannan ruwan duwatsun ƙasar Gini ne, wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso. Shi yakan hau sannu sannu, mutum yana ganinsa yana ja da baya. Jan ruwa shi ne mai sauri, shi ne kuma ya fi yi wa birnin ɓarna a shekarun nan.

Akwai ma'auni a bakin kogin. In ruwa ya kai santimita 620, an shiga alamar haɗari mafi girma. A watan Satumba na 2020 ya kai wajen santimita 700, watau mita 7. Datsin da aka yi don tare ruwa ya fashe, ruwa ya shiga Lamorde da waɗansu unguwanni na Harobanda, watau hayin kogi, ya kuma ci gonakin shinkafa. A 2024 kuma, cikin Agusta, ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga birnin, har da hanyar Doso a wajen Sorai. Manyan motoci suka yi jerin gwano suna jira, mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale, mai ya yi wuya a gari. A daminar nan fiye da mutum 300 suka rasu a ƙasar Nijar, ɓarnar kuma ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Har komawa makaranta sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, domin a cikin azuzuwa aka saukar da waɗanda suka rasa gidajensu.

To, me ya kawo haka? Waɗansu za su ce ruwan sama ne ya yi yawa. Gaskiya ne, ruwa mai ƙarfi na farat ɗaya ya ƙaru a ƙasashen nan namu. Amma akwai waɗansu dalilai da suke daga hannunmu.

Wajen 1960 mutanen Yamai dubbai kaɗan ne, kamar 30,000. Da aka yi ƙidaya a 2012 sun wuce miliyan ɗaya. Cikin shekarun fari na 1970 da 1980 ruwa ya ja da baya ƙwarai, har a 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Mutanen da suka zo neman abinci suka ga kwari a bushe, fili kuma da araha, suka yi gini. Ba mugunta suka yi ba, talauci ne da rashin wuri. Amma ruwa ba ya manta hanyarsa. Ko ya yi shekara talatin bai bi ta ba, ran da ya dawo, nan zai bi.

Ban da wannan, an sare itatuwan daji don girki da gona. Ƙasar da babu ciyawa takan yi tauri kamar daɓe, ruwa ba ya nutsewa, sai ya gangaro da rairayi ya zuba cikin kogi. Kogin da rairayi ya cika masa ciki kuwa, kamar ƙwarya ce da aka zuba wa tsakuwa, ruwa kaɗan zai sa ta tumbatsa. Cikin gari ma haka ne. Rufin kwano da siminti da kwalta ba sa shan ruwa. Ku yi lissafi da ni. In ruwa mai milimita 50 ya sauka a kan fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, lita 5,000 ke nan, watau ganga 25. Wannan gida ɗaya ne kawai. Ina ga gida dubu? Duk ruwan nan lambatu yake nema. Ga lambatun kuwa mun cika shi da leda da toka da ɓawon albasa. A 2014 aka yi doka a Nijar ta hana shigo da leda mara kauri, amma doka ba ta share kwata. Hannu ne ke sharewa.

Yanzu bari mu zo ga abin yi. Kowa cikinku ya san labarin Nuhu. Rana na sama, ƙasa a bushe, ya sassaƙa jirginsa. Shirin damina da rani ake yinsa.

Maigida, duba gidanka tun watan Afrilu ko Mayu. Gyara indararo. Yaɓe rufin soro. Lura da gindin bango, gama ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa: tushe ya jiƙa, ya zaizaye, sa'an nan bango ya kwanta. Yawancin waɗanda ambaliya take kashewa, ko dai ruwa ya tafi da su, ko gini ya faɗa musu cikin dare. In ka ga tsaga a bango, ko ka ji ƙasa tana zubowa daga azara, kada yara su kwana a ɗakin nan. Gara su kwana a rumfa suna jin sanyi.

Uwargida, ki sami leda mai kauri ko gwangwani mai murfi, ki sa takardun haihuwa, da katin shaida, da takardar fili, da katin asibiti, ki rataye can sama inda hannu zai kai cikin duhu. Ki ajiye tocila kusa da wurin kwana. Ku kuma shirya tun yau gidan wa za ku nufa a kan tudu in ruwa ya shigo, domin kowane yaro ya san wurin.

Malam mai shago, kada buhu ya taɓa ƙasa. Ka yi dakali ko ka jera katako, ka ɗaga kaya kamar kamu ɗaya. Sukari da gishiri da garin alkama da siminti, su ne na sama. Littafin bashi kuma kada ya kwana a shago, gama in tawada ta wanke, abokin ciniki da yawa zai manta abin da ya karɓa. Cikin Agusta kada ka zuba dukan jarinka a kan kaya mai ruɓewa wanda zai zo daga nesa. In gada ta yanke, tumatir da albasa ba sa jiran a gyara ta. Ka raba kaya, ka bar wani abu a hannu.

Ku mutanen layi ɗaya, ku je wurin sarkin kasuwa ko mai unguwa, ku sa ranar aikin gayya kafin ruwan fari. Ku yashe lambatu, ku kwashe abin da kuka yaso ku kai nesa. In kun tara shi a bakin kwata, ruwan farko zai mai da shi ciki, kun yi aikin banza. Kada kuma wani ya tare ƙofarsa da buhunan rairayi ta yadda zai juya ruwa cikin gidan maƙwabcinsa. Wannan ba dabara ba ce, zalunci ne.

Sai maganar tafiya. Ku kasa kunne, direbobi da masu babur da fatake. Ganga ɗaya ta ruwa nauyinta kilo 200 ne, kamar manyan buhunan gero biyu. Ruwan da ke gudu a kan hanya kuwa ganga dubbai ne. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa santimita 15 ne, bai ko kai taƙi ɗaya ba, yana iya ka da babban mutum. In ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. In ya kai 60, yawancin motoci ba su da ta cewa. Jan ruwa kuma ba a ganin ƙasansa. Hanyar da ka bi da safe, mai yiwuwa ne ruwa ya riga ya cinye ƙarƙashinta, kwaltar ce kawai ta rage a sama. Ruwan ƙorama yakan zo da sauri, yakan kuma wuce da sauri, sau da yawa cikin 'yan sa'o'i. Ka kashe mota, ka jira. Ku fasinja, kada ku zuga direba, kuna cewa wane ya wuce. Wane ya wuce da sauran kwanansa, kai ba ka san naka ba. In kuwa sai an shiga kwalekwale, kada a yi masa lodi fiye da kima, kada kuma a ƙetare da dare. Kafin ka bar tasha, ka buga waya ka tambayi wanda ke can gaba labarin hanya.

Cikin gari, kada ka taka ruwa inda wayar lantarki ta faɗi. In ruwa ya fara shiga gida, ka kashe wuta daga babban makunni tun ƙafarka tana a bushe. Ka riƙe sanda kana dogarawa, gama akwai ramuka da lambatun da ba su da murfi. Ka kuma lura da inda za ka fake. Ran 3 ga Yuni 2015, a birnin Ankara ta ƙasar Gana, mutane da yawa suka fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Mai ya malala a bisa ruwa, wuta ta kama, mutum wajen 150 suka hallaka. Fetur ba ya nutsewa, a kan ruwa yake tafiya, wuta kuma tana binsa.

In ruwa ya janye, kada ku ce an gama. Ruwan da ya ratsa gari ya ratsa masai, ya kuma shiga rijiya. Daga nan amai da gudawa suke fitowa. Ku tafasa ruwan sha, ko ku sa maganin tsabtace ruwa yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Ku wanke hannu da sabulu. Abincin da ruwan ambaliya ya taɓa, a zubar. Ɗan kasuwa, kada ka shanya garin da ya jiƙa ka sayar wa mutane, gama ribar nan ciwon ɗan wani ce. In gudawa ta kama yaro, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa wanda ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a dinga ba shi kaɗan kaɗan, ana kuwa kan hanyar asibiti. Ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar taya da gwangwani da kududdufi, cikin kwana goma ko kusa da haka zai haifi sauro. Ku zubar, ku cike ramuka, ku kwana cikin gidan sauro. Ku kuma kakkaɓe tabarma da takalmi, domin maciji da kunama su ma tudu suke nema.

Abu na ƙarshe, 'yan'uwana, shi ne maƙwabci. Ruwa ba ya tambayar ƙabilar mutum ko garinsu kafin ya shiga ɗakinsa. Kowace unguwa tana da tsohuwar da ba ta iya gudu, da makaho, da mai jego, da baƙon da bai san inda tudu yake ba. Ku san ɗakunansu tun yanzu, ku raba wanda zai ƙwanƙwasa wa kowannensu ƙofa. Kai da gidanka yake kan tudu, zaurenka zai ɗauki tabarma biyu. Kai da kayanka suka tsira, in hanya ta yanke kada ka ɓoye hatsi kana jiran tsada, gama wanda zai saya shi ne wanda ya kwana a waje da 'ya'yansa. Kai da kake bin bashi, ka ɗaga wa wanda shagonsa ya nutse ƙafa har ya miƙe. 'Yan adashi, ku ba shi kwasar wannan wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wanda ka taimaka bana kuwa, mai yiwuwa shi ne zai zo da kwalekwale ƙofarka baɗi.

To, jama'a, nan za mu tsaya yau. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa na kusa da shi a rumfa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye matafiya, ya ba waɗanda suka yi hasara haƙuri da mayewa. Ku huta lafiya, sai mun sake saduwa.