Daga Barnawa: Shin Haske na Maganin Mantuwar Bayan Tiyata?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani bawan Allah a Barnawa, cikin Kaduna. Ya ce an yi wa mahaifinsa, dattijo mai shekara 72, aikin gwaiwa, aiki kuma ya yi kyau. To amma tun da aka sallamo shi sai ya kwana ido biyu, ya wuni yana barci, har sunayen jikokinsa suna kwance masa. Wasu dangi sun ce iska ce. Shi kuma ya ga tallar wata hula mai jan haske a Facebook, wai tana kare ƙwaƙwalwa bayan tiyata. Shin ya saya?

To Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ya same shi likitoci sun daɗe da saninsa. Tun 1955 wani likita a Ingila, Dokta Bedford, ya rubuta cewa wasu tsofaffi ba sa komawa daidai bayan an sa su barci an yi musu aiki. A 1998 kuma aka buga wani bincike kan mutum 1,218 masu shekara 60 zuwa sama: bayan mako guda da tiyata, kusan ɗaya cikin huɗu tunaninsu ya ragu, bayan wata uku kuwa saura kusan ɗaya cikin goma. Ka ga ke nan mafi yawa suna warwarewa.

Abin iri biyu ne. Akwai ruɗewa mai zuwa farat ɗaya cikin kwanakin farko, wadda zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki, zafin ciwo, rashin barci ko wani magani kan haddasa. Akwai kuma mantuwa mai jan makonni ko watanni.

Batun haske kuwa ba tatsuniya ba ne. A 1903 aka ba Niels Finsen na ƙasar Denmark lambar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. Iyaye mata ma sun san shuɗin hasken da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinsa. Shi jan hasken da ka gani, asalinsa wani likitan Hungary ne, Endre Mester, wanda a 1967 ya lura gashin ɓeraye ya fi saurin tsirowa in an haska su. Masu bincike na ganin irin wannan haske na ƙara wa ƙwayoyin jiki kuzari ya rage kumburi. Sai dai a kan mantuwar bayan tiyata, yawancin gwajin a kan ɓeraye aka yi, na mutane kuwa ƙanana ne. A wani bincike da aka buga a 2016 ma an gwada fitilu masu ƙarfi a ɗakin masu tsananin ciwo a Holan, ruɗewar ba ta ragu ba. Don haka, Malam, riƙe kuɗinka.

Hasken da Baba ke bukata kyauta ne. Ƙwaƙwalwa na da agogonta, hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Wanda aka killace a ɗaki mai duhu, an saki labule wai don ya huta, dole dare da rana su rikice masa. Ku buɗe taga da safe, ku fito da shi tsakar gida da hantsi ya zauna a inuwa, amma kada ya kalli ƙwayar rana. Bayan isha'i a rage fitila da hayaniya. A sa masa tabaransa, a riƙa gaya masa yau wace rana ce, ya sha ruwa sosai, ya ɗan tattaka in likita ya yarda. Irin waɗannan ƙananan dabaru, a wani gwaji da aka buga a Amurka a 1999, sun rage ruɗewar tsofaffin da ke kwance a asibiti daga kashi 15 cikin 100 zuwa kusan 10.

Amma fa kafin komai, ku koma wurin likitan da ya yi aikin, ku tafi da duk magungunan da yake sha. In kun ga zazzaɓi, ko fitsari ya tsaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, kada ku jira gari ya waye. In mantuwar ta zarce watanni, ai ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya nan a unguwarku. Na san mutane na jin nauyin a gan su a ƙofarsa, to ba masu taɓin hankali kaɗai ake dubawa ba, har da masu mantuwa. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Muna jiran wasiƙarka mu ji yadda jikin Baba ya ƙara. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.