Ƙarar Kunne da Ciwon Kai: Jawabi ga Malaman Reshen Mashi



Akwai wata lalura da wasunmu ke fama da ita, amma ba kasafai muke ambatonta ba. Idan aka kaɗa ƙararrawar tashi, yara suka watse, aji ya yi tsit, mu a kunnenmu ba a tashi ba. Wani yana jin kamar kukan gyare, wani kamar fito, wani kamar injin niƙa daga nesa, alhali babu mai jin komai sai shi. Da dare kuwa, lokacin da gari ya yi shiru, sai ƙarar ta ƙaru, barci ya gagara. Da asuba mu tashi da kai mai nauyi, mu tsaya gaban allo.

Likitoci sun bayyana cewa wannan ƙara alama ce ta wata matsala. Tana iya zuwa daga daɗewa cikin hayaniya, ko dattin da ya toshe kunne, ko hawan jini, ko tsufa, ko wasu magunguna irin su kwinin da asfirin idan aka yawaita su. Wani nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa manya fiye da miliyan 740 a duniya suna jin ta. Saboda haka ba mu kaɗai ba ne, kuma ba iska ba ce, ba sammu ba ne.

Mu dubi aikinmu. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kowannenmu kuma ya san adadin da ke cikin rajistarsa. Muna ɗaga murya tun safe, yara suna amsawa baki ɗaya a ƙarƙashin rufin kwano, sannan mu koma gida ga janareto da lasifikar biki.

Kuskuren da ya fi cutar da mu shi ne na kemis. Kai ya sara, mu aika yaro ya sayo ƙwaya biyu, gobe ma haka, jibi ma haka. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ke shan maganin ciwon kai irin su farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya zama sanadin ciwon kan da ba ya yankewa. Haka nan sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza, da ɗiga mai a ciki, suna iya ƙara ɓarna.

Abin da ya sa muka kawo maganar nan shi ne yaranmu. Malamin da bai yi barci ba, kansa na sara, haƙurinsa gajere ne. Sau nawa yarinya ta ba da amsa daidai da siririyar murya, ba mu ji ba, muka daka mata tsawa? Ita ba ta san abin da ke cikin kunnenmu ba. Abin da ta koya kawai shi ne kada ta sake ɗaga hannu. A gida ma iyalanmu suna ɗaukar shirunmu a matsayin fushi.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mu je asibitin Mashi a auna mana jini, a leƙa kunnen. Idan abin ya fi ƙarfin nan, akwai likitocin kunne a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Amma wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙarar take a kunne ɗaya tak, ko take bugawa daidai da bugun zuciya, ko ciwon kan ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, kada ya jira albashi, ya tafi a ranar.

Ba kowace ƙara ke warkewa ba, amma ana koyon zama da ita. Rediyo a hankali ko fanka da dare suna rage mata kaifi. A aji, mu koya wa yara alamar hannu ta yin shiru maimakon ihu.

Muna roƙon reshe abu biyu. Na farko, a ranar 3 ga Maris, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe domin lafiyar ji, a gayyato ma'aikatan lafiya su duba mu. Na biyu, shugabannin makarantu su sauƙaƙa wa mai wannan lalura izinin zuwa asibiti, kada a ɗauke shi malalaci don ciwonsa ba ya ganuwa.

Ku kuma iyalanmu, idan kuka yi magana ba mu amsa ba, ku matso ku maimaita.

Allah ya ba mu lafiya, ya yi wa ɗalibanmu albarka.